Tsohuwar Jif: Inda Ta Fi Lalacewa da Yadda Za Ka Auna Kuɗin Gyaranta Kafin Ka Biya

Jif ɗin da ta shekara goma ko goma sha biyar a kan titi farashinta ya faɗi ƙasa sosai, amma kuɗin gyaranta bai sauko tare da shi ba. An ƙera ta ne don mai halin sayen sabuwa, kuma kayan gyaranta suna nan a kan wannan ma'auni har gobe. Ga ta da nauyi, don haka ta fi ƙaramar mota cin taya da birki da bushin. In kuma mai jan ƙafa huɗu ce, akwai ƙarin sassa a ƙarƙashinta waɗanda ƙaramar mota ba ta da su sam, kowanne da mansa da lokacin lalacewarsa.

Abu biyu ne suka fi sa gyara tsada. Na farko, wurin da abin da ya lalace yake a jikin motar. Wata robar hana yoyo ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba, amma sai an sauke giyabos kafin hannu ya kai gare ta, sai kuɗin aiki ya ninka kuɗin kayan sau da yawa. Na biyu, tsawon lokacin da aka bar matsalar tana ci. Tiyon ruwa da ya tsage aikin ɗan lokaci ne, amma in aka ci gaba da tuƙi har inji ya tafasa, maganar ta koma ta sauke kan inji. Duk binciken da ke ƙasa a kan waɗannan biyun ya ginu: gano abin da ke da wuyar kaiwa, da gano abin da aka daɗe ana kawar da kai daga gare shi.

Mataki na farko: san injin da giyar, kada ka tsaya ga sunan motar

Mutane kan ce mota kaza tana da ƙwari, mota kaza ba ta da shi. Wannan magana ba ta wadatar. Suna ɗaya kan ɗauki inji uku ko huɗu a tsawon shekaru, wani nagari, wani mai laifi sananne. Ka nemi lambar shasi, wato VIN, mai haruffa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ka tabbata ta wuraren biyu ta yi daidai da ta takarda. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, harafi na goma shi ke nuna shekarar ƙirar. Da wannan lamba za ka san ainihin injin da aka sa mata a masana'anta, sannan ka duba ko shi ne a cikinta har yanzu.

Da ka san injin, ka san inda za ka sa ido. Toyota RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai inji 2AZ-FE ta yi suna wajen shan baƙin mai saboda zoben fiston. Lexus RX300 ta 1999 zuwa 2002 da Highlander ta farko masu inji 1MZ-FE, mansu kan daskare ya zama kwalta in ana jinkirin sabis. Injin 2GR-FE na farko-farko, kamar na RX350 ta 2007 zuwa 2009, yana da bututun mai wanda wani sashensa roba ne, kuma in ya fashe man inji kan zube cikin mintuna. Daga baya aka maye shi da na ƙarfe zalla, don haka ka duba wanne ne a jikin taka.

Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 masu giyar otomatik, lagiretonsu kan tsage daga ciki, ruwan sanyaya inji ya haɗu da man giya, giyabos ya mutu. Honda ta kira Pilot ta 2003 zuwa 2004 da Acura MDX ta 2001 zuwa 2002 a dawo da su gyara a 2004 saboda zafin giya ta biyu. A 2017 Hyundai da Kia sun kira Santa Fe Sport ta 2013 zuwa 2014 da Sorento ta 2012 zuwa 2014 masu inji Theta II, saboda metal, wato ƙarfen da kurankishaf ke juyawa a kansa, na cinyewa har inji ya buga.

Sai kuma rukunin da ya fi ba ni takaici, inda kayan ba su da tsada amma an binne su a cikin inji. Ford Explorer mai inji 4.0 SOHC tana da sarƙar taimin ɗaya a bayan inji, kuma robar da sarƙar ke bi a kanta tana karyewa. Galibi sai an sauke injin ɗungurungum kafin a canza ta. Ford Edge da Explorer ta 2011 zuwa 2019 masu inji 3.5, famfon ruwansu yana cikin inji, sarƙar taimin ce ke juya shi. A wata motar canza famfon ruwa aikin 'yan sa'o'i ne, a nan kuwa sai an buɗe gaban injin gaba ɗaya, kuma in ya yi yoyo ta ciki, cikin baƙin mai ruwan yake shiga. Mercedes ML350 ta 2006 da 2007 mai inji M272 tana da wani haƙorin sarƙa da ke cinyewa da wuri, shi ma sai an sauke inji. GMC Acadia da 'yan uwanta masu inji 3.6 na shekarun farko, sarƙarsu kan miƙe.

Ba a ce duk motar da ke cikin jerin nan ta lalace ba. Da yawa an riga an gyara su. Tambayar da za ka yi wa mai sayarwa ke nan: an yi wannan aiki, kuma ina takardarsa? In babu takarda, ka ɗauka ba a yi ba, ka sa kuɗinsa a lissafi.

Mataki na biyu: ka same ta a sanyaye

Ka roƙi mai motar kada ya tayar da ita kafin ka iso, kuma da ka iso ka ɗora hannu a kan bonet ka tabbatar. Inji mai zafi yana ɓoye laifi da yawa.

Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ba tare da ka tayar ba. Fitilar inji, ta ABS, ta jakar iska, ta mai da ta batir, dole duk su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, akwai yiwuwar an cire ƙwanta ko an rufe ta don kada ta tona asiri.

Sa wani ya tayar, kai kuma ka tsaya kusa da inji a karon farko ka saurara. Ƙarar kacau-kacau ta daƙiƙa ɗaya ko biyu da ke ɓacewa da zarar mai ya hau, alama ce ta sarƙar taimin ko na'urar daidaita bawul ta fara gajiya. In ƙarar ta ɗore, aikin ya matso. Bugu mai nauyi daga ƙasan inji, wanda ke ƙaruwa in an taka totur, wannan metal ne, kuma ni dai a nan nake rufe bonet in yi sallama. Daga nan ka koma baya wajen salansa. Tururi fari marar kauri da ke ɓacewa bayan 'yan mintuna ba komai ba ne. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri da ba ya yankewa, mai ɗan ƙamshin zaƙi, ruwan lagireto ne ke shiga silinda. Baƙi kuwa man fetur ne ya yi yawa, kuma sau da yawa shi ne mafi sauƙin gyara a cikin ukun.

Mataki na uku: baƙin mai da ruwa

A nan ya kamata ka fi daɗewa, domin yawancin tsofaffin injuna zafi ne ke kashe su ko rashin mai.

Tun kafin a tayar, buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ka juya shi ka dubi cikinsa, sannan ka haska tocila cikin ramin. Ƙarfe mai launin zinariya ko ruwan ƙasa mai haske yana nuna an kula da sabis. Baƙin abu mai danƙo da ke manne a lungu-lungu, wanda kana iya kankarowa da farce, shi ne man da ya dafu ya daskare, kuma irinsa ne ke toshe ragar da famfon mai ke tsotsa ta cikinta. In ka ga wani abu fari-fari mai kauri a ƙarƙashin murfin, ruwa ya haɗu da mai. Wani lokaci raɓa ce kawai a motar da ba ta doguwar tafiya, amma kada ka yarda da wannan bayani sai an gwada. Zaro sandar awon mai ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Man da ya yi ƙasa da alama yana gaya maka yadda mai motar yake riƙe ta. Man da ya yi kauri fiye da ƙima kuwa, wataƙila an zuba shi ne don ya danne ƙara ko hayaƙi.

Yanzu ruwa. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan kan yi tsalle ya ƙona fuska da hannu. A sanyaye, ya kamata ka ga ruwa mai launi, ja ko kore ko ruwan hoda ko shuɗi, gwargwadon abin da kamfanin ya tsara. Ruwa zalla mai launin tsatsa yana nuna an daɗe ana zuba ruwan famfo, kuma irin wannan yana cin famfon ruwa da cikin lagireto a hankali. Mai yana yawo a saman ruwan, matsala ce babba. Matsa manyan tiyo biyu da hannu: wanda ya bushe ya yi tauri ko ya kumbura ya yi laushi, lokacinsa ya yi. Dubi inda robar saman lagireto ta haɗu da ƙarfen, nan ne yake fara tsagewa in ya tsufa, kuma za ka ga busasshen fari ko launin ruwan a wurin. BMW X5 ta daɗe da suna a kan wannan, domin sassa da yawa na hanyar ruwanta roba ne mai ƙarfi da ke gautsi da shekaru.

Ka tambaya ko akwai tamostat a jikinta, wato abin da ke daidaita zafin inji ta hanyar buɗe wa ruwa hanya da rufewa. Wasu kan cire shi, su haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, da sunan maganin zafi. Wannan ba gyara ba ne. Inji ba zai kai zafin da aka tsara masa ba, zai ƙara shan fetur, ya ƙara cinyewa, kuma ainihin abin da ya jawo zafin yana nan ba a taɓa shi ba. Motar da aka yi wa haka wataƙila ta taɓa tafasa, abin da ya rage shi ne sanin ko an yi ɓarna.

Kan injin yawancin waɗannan motoci alminiyum ne, kuma tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta lanƙwasa shi ta ƙona gasket. Akwai gwaji mai sauƙi: bakanike zai ɗora wata kwalba mai ruwa shuɗi a bakin lagireto inji na aiki, in hayaƙin silinda na shiga cikin ruwan sai shuɗin ya koma rawaya. Akwai kuma awon matsin silinda, inda ake so kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kusan kashi 10 cikin 100. Kuɗin gwaje-gwajen nan biyu ba komai ba ne in aka kwatanta da kuɗin sauke kan inji, a kai shi a daidaita, a sayi gasket da sababbin kusoshi. A inji V6 kuma kai biyu ne.

Ka kuma san ko injin bel yake amfani da shi ko sarƙa. Toyota 1MZ-FE da 3MZ-FE da V8 ɗin nan 2UZ-FE duk bel ne, ana canza shi wajen mil 90,000, kusan kilomita 145,000. V6 ɗin Honda Pilot da MDX shi ma bel ne, wajen mil 105,000 ko shekara bakwai, kuma in ya tsinke mota na tafiya fiston kan daki bawul ya lanƙwasa su. Bel ba ya ba da sanarwa. In za a canza shi, a canza famfon ruwa da abin ɗaure bel ɗin da ƙananan ƙafafun da yake bi a kansu a lokaci guda, tunda hannu ya riga ya kai wurin. Wanda ya bar tsohon famfo don ya rage kuɗi zai sake biyan kuɗin aikin nan gaba kaɗan.

Mataki na huɗu: giya

Zagaye ɗaya a kusa bai isa ba. Ka tuƙa ta aƙalla minti ashirin zuwa talatin, a cikin cunkoso da kuma buɗaɗɗen titi, domin giyabos da yawa ba sa nuna halinsu sai mai ya yi zafi.

Kafin ka tashi, taka birki ka sa D, ka jira, ka sa ribas. Ya kamata ta kama cikin daƙiƙa ɗaya ko makamancin haka, ba tare da duka ba. A kan hanya ka lura da allurar juyin inji. In ta yi sama tsakanin giya da giya motar ba ta ƙara gudu ba, sannan ta kama da ƙarfi, faifan kulocin ciki sun fara zamewa. Karkarwa a gudu matsakaici, kamar kana bin titi mai gargada alhali titin sumul yake, takan fito daga giyar ma.

In akwai sandar awon man giya, ɗiga man a kan farar takarda. Lafiyayye ja ne mai haske, ko ja da ya ɗan yi duhu. Baƙi mai warin ƙuna, ko mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ya gama ba da labari. Ruwan hoda mai kauri da kumfa kuwa shi ne ruwa ya shiga, irin na Pathfinder da aka ambata, kuma a wannan hali canza mai ba ya ceto, domin ruwa yana ɓamɓare abin da aka manna a jikin faifan kuloci.

Giyar CVT, wadda Nissan Murano ta fara zuwa da ita a ƙirar 2003, ba ta da hawa-hawa irin na sauran, don haka ba za ka ji canji ba. Abin saurare a nan shi ne kuka mai tsini da ke ƙaruwa da gudu, da fizga yayin tashi, da mutuwar ƙarfi bayan doguwar tafiya ko hawan tudu. Nissan da kanta ta tsawaita garantin wannan giya zuwa shekara 10 ko mil 120,000 a motocin 2003 zuwa 2010. Kanikawan da ke iya buɗe CVT su gyara ba su da yawa, galibi sauyawa ake yi.

Kowace giya da manta: Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1, CVT ɗin Nissan na da NS-2 da NS-3. Zuba wanda ba nata ba yana kashe lafiyayyen giyabos a hankali. Ka tambayi abin da ake zuba mata. In amsar ita ce man giya ai man giya ne, ka ƙara kaffa-kaffa.

Mataki na biyar: jan ƙafa huɗu

Nemi fili, karya sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali ta hagu sannan ta dama. Ƙas-ƙas-ƙas daga gaba shaf ne, kuma yawanci robar da ke rufe gaɓarsa ce ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga. Gurnani daga baya a Honda CR-V sau da yawa man aksul ɗin baya ne ya tsufa, canza shi da irin nasa kan kashe ƙarar. In motar na turjewa kamar tana ɗaure kanta, matsalar tana ƙaramin giyabos ɗin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Leƙa ƙasa ka tabbata dogon shaf ɗin da ke zuwa baya yana nan, domin wasu kan cire shi in tsarin ya lalace, su sayar da motar a matsayin mai ƙafa huɗu.

Tayoyin su zama girma ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya. A motar da ke jan ƙafa huɗu koyaushe, taya mai bambancin girma tana wahalar da tsarin dare da rana. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara shida a duba ta da kyau, wadda ta kai goma a cire ta ko da zanenta bai cinye ba. Manyan tayoyi huɗu kuɗi ne na gaske, ka sa su a lissafi.

Mataki na shida: shiga ƙarƙashinta

Fenti mai sheƙi kan zama kyan ɗan maciji. A ɗaga motar, ko a hau da ita kan rami, ka shiga da tocila da sukundireba.

Tsatsa ce farko, musamman a motar da ta yi rayuwa a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Jan tsatsa na sama-sama ba abin tsoro ba ne. Wanda ke ɓarewa falle-falle, ko inda ka danna sukundireba ya shige, shi ne mugun. Duba shasi kusa da inda ƙafafun baya suka ɗauru, da bututun birki, da na fetur. Ko kamfanin da ake yaba wa bai tsira ba: a 2016 Toyota ta amince da sulhun da aka ƙiyasta a kan dala biliyan 3.4 a Amurka saboda ruɓewar shasin Tacoma ta 2005 zuwa 2010 da Tundra ta 2007 zuwa 2008 da Sequoia ta 2005 zuwa 2008. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tambaya ne. Haka walda a jikin shasi, ko wurin da ya lanƙwashe aka miƙar. Shasin da ya ruɓe ko ya taɓa karyewa ba na ba kowa shawarar ya saya, komai arahar motar, domin wannan maganar rai ce.

Ƙafafu kuwa dole ka sami wani abu, kada wannan ya kore ka. Bushin, boljoyin, tayarod, boris da shakazoba duk kayan cinyewa ne, kuma kowane ɗaya ba shi da tsada can. Tsadarsu tana zuwa ne in sun taru. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama, ka ƙirga abin da ke motsi. Boljoyin na ƙasa kada a ɗaga masa ƙafa, in ya fita mota na gudu taya kan kwanta.

Jif mai jakunkunan iska a madadin sifirin, irin Range Rover da Land Rover LR3 da wasu Mercedes ML da BMW X5 da bayan Lexus GX470, tana da daɗin hawa, tana kuma da nata lissafin. Robar jakar kan tsattsage da shekaru, iska na zurarewa, kwamfuresa ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone. Jaka ɗaya da aka ƙi canzawa ita ke jawo sayen kwamfuresa. In da hali, a bar motar ta kwana a wuri ɗaya ka dawo da safe: kusurwar da ta zauna ita ce mai yoyo.

Yoyon mai kuma, ka bi shi zuwa sama har ka ga mafarinsa, domin a nan ne wurin ke yanke farashi. Na murfin saman inji mai sauƙi ne, ko da yake a V6 da aka ɗora a kwance layin baya yana buƙatar a cire bututun shigar iska. Na tsakanin inji da giyabos sai an raba su. Na murfin taimin a wasu injuna, har da 2GR-FE, galibi sai an sauke inji. Injin da aka wanke tas ana gobe za ka zo, ka sake duba shi bayan kun dawo daga tuƙi.

Mataki na bakwai: kwamfuta da wuta

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, tana da soket ɗin OBD mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. A jona na'ura a nan a karanta lambobin laifin da kwamfutar motar ta ajiye. P0300 zuwa P0306 na nufin silinda na fashin wuta, sau da yawa fulogi ne ko kwayil. P0171 da P0174 iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan. P0420 da P0430 matatar hayaƙin da ke jikin salansa ce ta gaji ko an fasa an cire ta, kuma ta asali tana da tsada. P0016 da P0017 su ne abin tsoro, domin suna nuna taimin ya goce, wato maganar sarƙa. Rashin lamba ko ɗaya ma ba shaida ba ce: na'urar na nuna ko kwamfutar ta kammala gwaje-gwajenta na ciki, kuma in da yawa ba su kammala ba, ba a daɗe da goge lambobin ba.

Batir lafiyayye na nuna wajen volt 12.6 mota a kashe, in tana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Gwada kowane maɓalli, gilasai, kujeru, rufin da ke buɗewa. Kwamfuresan na'urar sanyi in ya farfashe daga ciki, kamar yadda aka sani a CR-V ta 2002 zuwa 2006, garin ƙarfe kan bazu ko'ina, sai an canza kusan duk tsarin. Ɗaga kafet, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe, ka leƙa ramin safaya taya. Busasshen laka, warin rima, ko tsatsa a kusoshin kujera suna nuna motar ta taɓa nutsewa a ambaliya, kuma matsalar wutar irin wannan mota ba ta ƙarewa.

Mataki na takwas: yi lissafi a rubuce

Raba abin da ka gano gida uku. Gida na farko kayan cinyewa: birki, batir, fulogi, kwayil, fanbel, bushin, mayuka. Waɗannan kowace tsohuwar mota tana da su, abin ciniki ne kawai. Gida na biyu ayyukan da ke cin yini guda ko sayen babban abu ɗaya: taimin bel da famfonsa, lagireto, altaneta, rak ɗin sitiyari, tayoyi huɗu, jakunkunan iska, na'urar sanyi. Biyu ko uku daga nan in sun haɗu sukan kai kaso mai tsoka na kuɗin motar. Gida na uku duk abin da ke buƙatar sauke inji ko giyabos. Ɗaya tak daga wannan gida na iya kusantar darajar motar kanta, musamman a manyan motocin Turai da farashinsu ya faɗi warwas.

Ga kowane aiki ka nemi lamba uku daban-daban: kuɗin kaya, kuɗin aiki, da kuɗin abin da dole a canza tare da shi, kamar gasket da mai da ruwa. Ka tambayi farashin na asali da na wani kamfani sananne, ka kuma tambayi ko ana samunsa a kusa ko sai an yi oda, domin motar da ta yi mako uku a gareji tana jiran kaya ita ma kuɗi take ci. A wurin da hannu ke wuyar kaiwa, sa mafi kyawun kayan da za ka iya saya, tunda kuɗin aikin ne babba. Inji ko giyabos na hannu kuwa ba ka san tarihinsa ba, kada ka karɓa sai da sharaɗin mayarwa a rubuce in bai yi ba.

Bakaniken da zai duba maka ya zama naka, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, kuma wanda ya saba da irin wannan injin. A ganina kada kuɗin sayen ya cinye duk abin da ke hannunka: ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar don shekarar farko, fiye da haka in motar mai jakar iska ce ko mai CVT.

Mataki na tara: watan farko

In ka saya, ka ɗauka ba a yi mata komai ba sai abin da ka ga takardarsa. Canza baƙin mai da filta da kaurin man da littafinta ya faɗa. Canza ruwan lagireto, a mayar da tamostat in babu, a mayar da fanka kan tsarinta. Man birki yana tsotsar danshi, a sauya shi, sannan duk bayan shekara biyu zuwa uku. Man aksul na gaba da na baya da na ƙaramin giyabos, waɗanda kusan kowa ke mantawa da su, a zubar a sa sabo. Man giya in bai ƙone ba a tsiyaye a cika da irin nasa, ba tare da an tura shi da injin matsi ba. Taimin bel marar tarihi a canza shi cikin wannan watan.

Daga nan ka riƙa duba sandar mai duk mako, a wuri mai daidaito, ka rubuta kilomita da abin da ka ƙara. Cikin kilomita dubu biyu za ka san ko injin na shan mai da kuma yawan da yake sha.

Sannan ka shigar da lambar VIN a shafin kamfanin da ya ƙera motar, ko na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, in daga can ta fito, ka ga ko akwai kiran gyara da ba a amsa ba. Wanda ya fi muhimmanci shi ne na jakar iskar da kamfanin Takata ya ƙera, wanda ya shafi miliyoyin motoci na Honda da Toyota da Nissan da Ford da BMW da wasu. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa da zafi da danshi da tsufa, har kwanon ƙarfen ya tarwatse ya watsa wa na cikin mota ɓaraguzai, kuma mutane sun mutu ta haka. In lambar motarka ta fito a ciki, ka tuntuɓi wakilin kamfanin a canza ta kafin ka fara ɗaukar iyali a kujerar gaba.